Rabin Muciyata da Lissafin Inuwar Kakanki

Madinat Nasr, Alƙahira
Sati guda bayan ƙaramar Salla, 2015

Zuwa ga 'yata Hauwa'u, uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kano lafiya, Ya tsare ki a sama da ƙasa, Ya raba ki da mugun direba da mugun abokin zama. Ki gaishe mini da gwaggonki da maigidanta, ki ce na gode da za su riƙe ki har ki gama bautar ƙasa.

Na sa innarki ta cusa takardar nan ƙarƙashin atamfofinki don kada ki gan ta sai kin isa. Na san halinki. In a gabana kika karanta, gyaran rubutu za ki fara yi mini, ni kuma ba zan jure ba. Bokona duka wata bakwai ne na yaƙi da jahilci, kwana tara kuma na yi ina rubuta wannan, saboda haka ki karanta ta yadda take. Kusa da ita za ki ga wani abu naɗe cikin tsohon rawanina. Kada ki yar. Rabin muciyata ce, babbar nan ta tuwon biki. Ki bi ni a hankali, za ki ji aikinta.

Tun da tafiyarki ta tabbata nake jin kaina kamar yaron da aka ɗinka wa rigar Salla. Innarki tana share hawaye a kicin, ni ina zagaya falo ina murmushi, har ta ce anya akwai imani a ƙirjina. Ba ta gane ba. Kewarki ina ji tun ba ki tafi ba. Amma za ki ƙasar da lissafin babana yake gaskiya, kuma za ki da idon da zai iya gani. Shekara talatin da huɗu ban samu wanda zan aika ba.

Bari in faro miki daga kuskurena na farko, don ba ki taɓa jin sa daga bakina ba sai gutsuri-gutsuri daga innarki, ita kuwa kullum gefen ƙanena Habu take ɗauka.

Kakanki Malam Garba shi ne ladanin garinmu, can ƙasar Gumel, kuma har ya koma ga Allah bai ɗaura agogo ba. Yakan fita filin bayan masallaci inda ƙasa take a baje, ya cire takalmi, ya ba rana baya, ya sa ido inda kan inuwarsa ya tsaya, sannan ya auna da tafin ƙafa, dunduniya tana taɓa yatsa. Ya ce kowane mutum, dogo ko gajere, tsawonsa ƙafa bakwai ne da ƙafar kansa. Kowane wata na lissafin manoma yana da inuwar da take saura in rana ta take tsaka. Da ta fara ƙaruwa a kan wannan, Azahar ta yi. In ta ƙara bakwai a kai, La'asar ta yi. Lissafi goma sha biyu ne, yana rera su kamar mai daka, kuma ni kaɗai ya koya wa, don ni ne babba, ni zan gaje shi.

Na gaje shi kuwa, shekara biyu. Sai ƙanena, baffanki Habu, wanda aka sa a makarantar boko aka bar ni da garma, ya dawo daga Kano da agogon bango da wata takarda mai layi-layi ta lokutan salla. Wata rana cikin damina hadari ya rufe rana tun hantsi, ban samu inuwa ba, na yi kirdado, na kira La'asar a makare. Habu bai jira mun koma gida ba. A gaban jama'a ya nuna bango da yatsa. Kafin Juma'a dattawa sun yanke cewa shi zai riƙa kira da agogo, ni kuma, wai don kada a raba ni da lada, in riƙa share masallaci. Ɗan Malam Garba na fari, da tsintsiya. A satin na bar garin. Na yi wanke-wanke a Kano, na koyi girki, na bi iyayen gida har Allah Ya jefo ni nan tare da wani ma'aikacin ofishin jakadanci, shi ya gama ya koma, na bayansa ya gaje ni kamar tukunya.

Har gobe ina nan a kan cewa abin da suka yi mini ba daidai ba ne. Rana ɗaya ta hadari ba ta isa ta shafe aikin shekara arba'in ba. Amma ga nawa laifin. Sau biyu Habu yana aiko mini. Na farko agogon ne ya mutu, suka yi sati suna salla da ka. Na biyu ta bakin wani ɗan kasuwa da ya zo sari kasuwar Ataba ta nan Alƙahira, ya ce Habu ya ce don Allah in aiko da lissafin Baba, yara su sani, kada ya ɓace. Na ce a gaya masa ya tambayi agogonsa. Na ji daɗin maganar nan ƙwarai a lokacin, har na maimaita wa innarki sau uku. Ba ta yi dariya ba.

To uwata, duk abin da Allah Ya sanar da ke, kada ki mai da shi sandar rama gayya. Za a ɓata miki rai a wurin aiki, wannan babu makawa. Wani da bai kai ki ba zai hau kanki. Ki yi fushinki, ni ba zan ce kada ki yi ba, jinina ce ke. Amma kada ki ƙulle ilmi a ciki. Ni na ƙulle, ina tsammani Habu nake horarwa, ashe babana nake binnewa karo na biyu.

Kuskure na biyu a nan garin na yi shi, kuma shi ne mai ban dariya in ba a kanki ya faɗa ba.

Sanyin farko da na yi a Alƙahira na hau saman bene da tsakar rana na cire takalmi. A lissafin Baba, tsakiyar sanyi ƙafa biyar ce. Na auna, na samu tara da wani abu. Na jira ta sauko. Ta ƙi. Tana nan a tara, can sai ta fara ƙaruwa abinta. Na ce lallai ranar Masar malalaciya ce, ba ta hawa sama sosai. Ban ce lissafin ne bai dace da wurin ba, wannan ko a mafarki. Da inuwa ta kai sha biyu, biyar da bakwai ke nan, na ta da kabbarar La'asar. Sai da na idar, na sauko, na ɗora albasa a wuta, kusan awa guda, sannan masallatan unguwa suka ɗauki kira. Na ce ka ji su, duk garin 'yan agogo ne irin Habu.

Haka na yi ta yi. Ranar da na bi jam'i na tsira, ranar da nake ni kaɗai sai ƙafata. Ammu Sayyid, bawwab ɗin gidan nan, wato mai gadinmu, mai riƙe da makullin sama, in ya gan ni ina taka bene dunduniya bisa yatsa sai ya ce, ya Hajj, in saye za ka yi ka faɗa a kira mai gidan, ka auna shi ya fi sau dubu. Malam Sanusi kuwa, ɗalibin nan ɗan Zariya da yake ja mana salla, ya taɓa samuna cikin ladabi ya ce yana ganin kamar ina riga lokaci. Na tambaye shi karatu ya zo nema Masar ko koya wa tsofaffi salla. Bai sake ba. Shekara ashirin da ɗoriya, uwata, ina gaban lokaci ina zagin waɗanda suke daidai.

Kuskure na uku ke na yi wa, kuma shi ya fi yi mini nauyi a alƙalami.

Shekarar da gari ya rikice da zanga-zanga kika samu shiga babbar jami'ar nan ta Giza, kika durƙusa kika ce ilmin taurari za ki karanta. Ni a garinmu duk wanda aka ce ya san taurari, faifan ƙasa ne a gabansa, yana zane da yatsa yana gaya wa mutane wanda ya yi musu asiri. Abin da na ji ke nan. Na ce ban haifi 'yar duba ba. Innarki ta tsaya miki, na ƙyale kika tafi, amma ban sa albarka ba. Shekara biyu da rabi kina fita tun da safe, ƙaramar bas zuwa metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, metro zuwa Giza, ki dawo a gajiye, ban taɓa cewa yaya karatu ba. Kina gaishe ni ina amsa wa bango. Ban tambayi kowa mene ne wannan ilmin ba, don kada a gaya mini abin da zai sa in sauko.

Kada ki yanke wa abu hukunci da sunansa kawai. Ki tambaya tukuna. Tambaya ɗaya da na yi, da ban yi asarar shekara biyu da rabi na hirarki ba, ga shi yanzu ina ƙirga kwanakin da suka rage da yatsa.

Kin tuna ranar da kika hau shanya kika same ni ina awo? Tsakiyar sanyi ne, shekara ɗaya da rabi ke nan. Kika tsaya da bokiti a hannu kika ce, "Baba, ƙafa nawa kuka samu?"

Na ce, "Sha biyu. La'asar ta yi."

Kika ce, "A garin Kaka ta yi. Nan da saura."

Na ce ki shanya kayanki ki sauka. Kika shanya, amma kafin ki sauka kika tambaye ni garinmu gabas yake da Gumel ko arewa, tafiyar awa nawa a ƙasa. Na faɗa miki don in rabu da ke. Washegari bayan Azahar sai ga ki da 'yar takarda guda, kika ce ko in ba ki izini ki karanta mini wani abu. Na ce bakinki ne.

Kika karanta: "Biyar, uku, biyu, babu. Ɗaya, ɗaya, ɗaya, babu. Ɗaya, uku, huɗu, biyar." Kika ƙara da cewa ɗaya-ɗayan nan uku na tsakiya, inuwar kudu take faɗawa, ba arewa ba.

Na zauna a gindin tankin ruwan da ke saman bene. Lissafin Baba ne, ɗaya bayan ɗaya, har da maganar kudun. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko innarki. Ke kuma ba ki taɓa taka garin ba. Na ce wa ya gaya miki. Kika ce ba kowa, lissafi kika yi, rana tana da hanyarta kuma garinmu yana da wurinsa a doron ƙasa, in an san biyun an san inuwa. Kika ce Kaka bai yi kuskure ko ɗaya ba, amma awonsa na can ne, mu nan mun hau arewa da nisa.

Wallahi uwata, ban san wanne ya fi yawa a cikina ba ranar, kunya ko murna. Shekara talatin ina jiran wani ɗan boko ya ce babana ya yi daidai, sai ga shi daga bakin wadda na kira 'yar duba. Kuma a numfashi guda ta gaya mini sallolina na gaban lokaci ne. Na je wurin Malam Sanusi da kwanon waina mai zafi. Ban ce masa ya yi haƙuri ba, na dai ajiye kwanon, ya gane. Ya ce in rama gwargwadon abin da na ƙiyasta. Ina ramawa, kowace La'asar da 'yar'uwarta, gwiwoyina suna gaya mini.

Ga shawarar da ke cikin wannan, kuma ki riƙe ta da kyau don yanzu ke ce baƙuwar. Awon gida na gida ne. A nan aka haife ki, bakinki cike yake da Larabcin Masar, su yalla da halas da ma'alish. In kin je, kada ki riƙa auna mutane da ƙafar Alƙahira, kina cewa a Masar ba haka ake yi ba. Za su ƙi ki, kuma da gaskiyarsu. Ki tsaya a filinsu ki auna inuwarsu tukuna.

Yanzu bari in zo kan mutumina, don saboda shi na ɗauki biro.

Juma'ar da ta biyo bayan kin karanta mini lissafin nan kika ce in shirya za ki kai ni wani wuri. Muka hau dutsen Muƙaɗɗam da rana tsaka, garin duka a ƙarƙashinmu, hasumiyoyi kamar karan dawa bayan girbi, dalar Fir'auna can nesa cikin hayaƙin motoci. Nan kika ba ni labarin masanin taurarin nan na Masar da ya yi zamani shekara dubu da suka wuce. Sunansa yana littattafanki. Ni Mutumin Dutse na sa masa tun ranar, kuma ba zan canza ba. Kika ce ba a tabbatar da ainihin inda yake tsayawa ba. Na duba, na nuna miki wani fili a baje da ba abin da ya tare masa gabas ko yamma, na ce nan ne. Kika yi dariya. Ki yi ta yi. Ladan ya san inda ladan zai tsaya.

Kin ce ɗan gidan malamai ne, babansa masanin hadisi da tarihi, shi kuma ya ɗaga kai sama. Kin ce bai damu da tufa ba, yakan yi wani irin naɗi da mutane suke gani su ƙyalƙyale, har a fadar sarki. Wannan ya shiga raina. Ashe shi ma an yi masa dariya. Kin ce kusan shekara talatin ya yi yana awo, rana da wata da taurari, duk husufin da ya gani sai ya rubuta ranarsa da tsayin rana ko tauraro a lokacin. Kuma ya zauna ya yi wa garin nan lissafin lokaci daga tsayin rana, kowace rana ta shekara, har masu tsai da lokacin salla a masallatan Alƙahira suka yi ɗaruruwan shekaru suna cin moriyar aikin da ya faro. Da na ji wannan sai da na miƙe tsaye. Aikin babana ne sak. Bambancin kawai, shi ya auna na garin da yake tsaye, kuma ya rubuta. Abin da na yi shekara ashirin ina ƙin yarda da shi a saman bene, wani ya gama shi tun shekara dubu, a dutsen da nake hange in na hau shanya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kika ce yana yi da na gabansa. Yakan kawo abin da malaman da suka riga shi suka auna, ya ajiye, ya kawo nasa kusa da shi, ya nuna inda suka dace da inda suka saɓa. Bai jefar da nasu ba, bai kuma rufe ido ya bi ba. Da Habu ya yi haka, ya rataye agogonsa ya bar ni da filina muka riƙa gwadawa, da yanzu ina garinmu. Da ni ma na yi haka da na zo nan, da ba na ramuwa da tsufana. Mu biyun duka rabin hankalin mutumin nan muka samu, kowa ya riƙe nasa rabin yana harara.

Maganar da kika ce ana faɗa, wai ya ambaci ranar mutuwarsa tun da sauran kwanaki, ya shiga gida ya rufe ƙofa yana karatun Alƙur'ani har ta zo, wannan ban karɓa ba. Allah kaɗai Ya san ranar bawa. Ko mutane ne da ƙari, ko kuwa shi ma ya taɓa abin da bai kamata ba, tunda kin ce masanan lokacin da yawa sukan haɗa da duba. Allah Ya gafarta masa. Ke ki ɗauki abin da ya auna, ki bar abin da ya hasasa. Kin ce bayan shekaru ɗari takwas da wani abu masana na wasu ƙasashe sun buɗe husufan da ya rubuta, suka yi aiki da su wajen gane tafiyar wata, har aka sa wa wani rami a jikin wata sunansa. Duba bai kai shi can ba. Rubuta abin da ido ya gani ne ya kai shi.

Sai kuma ɗansa. Kin faɗa mini wannan muna saukowa, kina dariya. Wai da ya rasu, ɗan da ya bari bai san darajar abin da ya gada ba, ya kwashi littattafan uban ya kai kasuwar masu sabulu ya sayar da awo, kamar gawayi. Na yi kwana uku ina tsine wa yaron nan a zuciyata. Rana ta huɗu na sayo ɗa'amiyya, ƙosan Masar, a bakin titi, na buɗe, sai na ga takardar da aka naɗe ta rubutun hannun wani ne, layi-layi da lambobi, mai ya jiƙa shi. Na tsaya a titi riƙe da ita. Sai na ga ai ni na fi yaron nan laifi. Shi ko banza takardun sun shiga hannun mutane, wasu sun tsira har kin karanta. Ni nawa gadon a cikina na rufe shi, in na faɗi yau ya tafi kabari.

Washegari na ɗauko muciya na kafa ta cikin gwangwanin madara da siminti a saman bene don awon inuwa, kika daidaita mini ita da zare da dutse. Innarki ta ce tuwon bikin wa za a tuƙa da gwangwani a gindi. Tun ranar ban tsallake tsakar rana ba sai in hadari ko ciwo. Kullum ina rubuta awon, littafi na huɗu nake ciki. Bara da hukuma ta yi ta jan agogo gaba tana mai da shi baya har sau huɗu cikin shekara guda, mutane suna makara wurin aiki suna tambayar juna ƙarfe nawa, ni ina sama ina dariya. Inuwar muciyata ba wanda ya isa ya ja ta. Na so a ce Habu yana nan ya gani. Littattafan nan naki ne in na mutu. Ban ce za a sa wa rami sunana ba. Amma in na ji an naɗe ƙosai da su, ban yafe ba.

To ga aikin da na ba ki. Shekaranjiya na kai muciyar wurin kafinta ya raba ta biyu daidai, na tsaya a kansa har ya goge bakin kowacce. Rabi yana nan cikin gwangwani, rabi yana hannunki. Watan gobe, cikin marka, ranar da inuwa take shigewa ƙarƙashin ƙafa za ta zo a garinmu, "babu" ta biyu ke nan a lissafi. Ke kin ce rana ɗaya ce tak, kin ma rubuta mini kwanan watan a bangon littafina. Baba ya ce kwana uku ne. Ni ina bayan Baba. Ki je tun kafin ranar da kwana biyu, ki kafa rabinki a filin bayan masallaci, in ba su gine shi ba, ki auna kwana biyar a jere. Ni ma zan hau sama in auna tawa in rana ta take a nan, na san zan samu wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon sandar, don nan ba ta taɓa ɓacewa. Ki kira ni ki faɗa mini abin da kika gani. Ina roƙon Allah Ya yaye hadari ranakun nan, don hadarin garin nan ya taɓa cuta ta sau ɗaya. Ki rubuta na Baba a gefe, naki a gefe, yadda Mutumin Dutse yake yi. In Baba ne da gaskiya, ki faɗa da ƙarfi. In ke ce, ki faɗa a hankali, amma ki faɗa.

Ki sauka gidan baffanki Habu. An ce har yanzu shi ke kira, muryar ta shaƙe. Ki durƙusa ki gaishe shi yadda ya kamata, ubanki ne. Takarda ta ƙarshe a cikin wannan ambulan ba taki ba ce. Lissafin nan goma sha biyu ne da hannuna, kowanne da watansa, da yadda ake tsayawa da yadda ake taka ƙafa. Sau shida na sake ta kafin ta fito ba kure. Ki ba shi a hannunsa. Kada ki ce na ce ya yi haƙuri, ban ce ba. Ki ce dai yayansa ya aiko da saƙon da ya tambaya. In ya ce ai an daɗe, ki ce hanya ce da nisa. In ya so ya fito fili ya riƙe miki zare ranar awon, ki bar shi. Ya zo da agogonsa ma, a rubuta ƙarfe nawa ne.

Saura abu guda, wanda ya kamata in faɗa shekara huɗu da suka wuce kina durƙushe a gabana. Allah Ya yi wa karatunki albarka, Hauwa'u. Allah Ya sa ki fi Mutumin Dutse ido, ki fi kakanki ƙafa, ki fi ubanki saurin saukowa. Na yarda da abin da kika karanta, na yarda da ke. Allah Ya tsare fitarki da shigarki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa mu gana da alheri, nan ko can.

Ki kula da rawanin, zan nemi abina. Muciyar kuwa ki bar ta a kafe a bayan masallaci.

Ni ne mahaifinki,
Iliyasu na Malam Garba ladan